Malam Aminu Kano kafin NEPU: Shekarun da ya yaƙi En'e da wasan ban dariya

Kafin jama'a su san shi da farar taguwa da jar dara, kafin tauraron NEPU da mabuɗin PRP, Malam Aminu Kano marubucin wasan kwaikwayo ne. Tun yana ɗan shekara 18, yana ɗalibi, ya riƙa tsara gajerun wasanni na ban dariya, 'yan'uwansa ɗalibai su fito gaban jama'a su kwaikwayi ɗan kasuwa da mai sarauta da mai karɓar haraji. Masana adabin Hausa sun ƙiyasta cewa tsakanin 1939 da 1941 kaɗai ya rubuta irin waɗannan wasanni kimanin 20. Babu ko ɗaya da ya zama littafi. Abin da ya iso ga na baya shi ne sunayen kaɗan daga cikinsu da taƙaitaccen bayanin abin da suka ƙunsa, sai kuma salon siyasar da ya tsiro daga gare su, wanda ya hana masu mulkin Arewa barci fiye da shekara 30.

An haife shi ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai na Fulanin Gyanawa, zuriyar da ta yi suna wajen ilimin shari'a da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun Alƙalin Kano. Mahaifiyarsa, Rakiya, ita ta fara ɗora shi a kan karatun Alƙur'ani, ta kuwa rasu yana ƙarami. Wato dai yaron ya tashi a gidan da aka san En'e ciki da bai, aka san wanda aka naɗa da wanda aka tsallake da kuma dalili. Ya shiga makarantar elementare ta Shahuci a 1930, ya wuce Midil ta Kano, inda aka fara ganin alamun abin da zai zama, domin yana cikin jagororin boren da ɗalibai suka yi kan ƙarancin sabulu da rashin kyawun abinci. Daga nan sai Kwalejin Kaduna.

Wannan kwaleji ita ce wadda Turawa suka kafa a Katsina a farkon shekarun 1920, aka mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. A cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. An gina ta ne domin ta samar da malaman makaranta da ma'aikatan da za su riƙe ofisoshin En'e, kuma akasarin ɗalibanta 'ya'yan sarauta ne da 'ya'yan manyan malamai. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane nauyin abin da Aminu ya yi: ya sa waɗanda ake shiryawa su gaji tsarin suna yi wa tsarin dariya.

Kwaikwayo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Akwai tashe da yara da samari ke yi a watan azumi, inda ake kwaikwayon boka mai tallar magani da tsoho da gwauro. Akwai wasan gauta na matan fada, waɗanda kan yi shigar sarki da fadawansa su maimaita halayensu a gaban idonsu. Akwai kalankuwa da samarin ƙauye ke yi bayan kaka, su naɗa wa juna sarautu su kafa fada ta 'yan kwanaki. Akwai kuma 'yan kama, masu ɗaukar siffar malamai su mayar da karatu zancen tuwo da miya. Duk waɗannan suna taɓa manya, amma taɓawa ce mai iyaka, wadda al'ada ta yanka mata lokaci da wuri. In azumi ya wuce, ko aka watse daga kalankuwa, kowa ya koma matsayinsa.

Rubutaccen wasan kwaikwayo kuwa ta hannun Turawa ya shigo. Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, wanda ya shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, shi ne ya fitar da littafin Six Hausa Plays a shekarun 1930, inda ya mayar da tatsuniyoyi da labaran gargajiya wasanni domin 'yan makaranta. Manufarsa koyarwa ce da nishaɗi. A shekarun 1940 Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, wanda ke jan hankalin jama'a kan tsabta da kiwon lafiya. Irin wasan da hukuma ke so ke nan: a nuna wa talaka kuskurensa, a koya masa yadda zai gyara.

Aminu ya karɓi wannan sabon kayan aiki, ya juya bakinsa sama. Daga cikin wasanninsa na 1938 da 1939, biyu ne aka fi ambata. Na farko shi ne Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, wanda ya nuna yadda 'yan kasuwar birni ke tatse baƙauye. Na biyu shi ne Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, wanda ya ɗauko zancen harajin da ya fi ƙarfin mutanen karkara.

In aka jera su, za a ga tafiya ɗaya ce aka raba gida biyu. A zamanin mulkin mallaka ana karɓar haraji ne da tsabar kuɗi, bayan kaka, daga hannun mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa Baitulmali, inda En'e da gwamnatin Turawa ke raba shi. Makiyayi kuma yana biyan jangali a kan kowace saniya. Manomi, ko a ƙasar Kano yake ko a yammacin Katsina wajen Runka da Batsari da Safana, ba ya da kuɗi a hannu sai ya sayar da gyaɗarsa ko audugarsa ko ma hatsin da zai ci. Kuma dole ya sayar a lokacin da kowa ke sayarwa, lokacin da farashi ya faɗi ƙasa warwas. Haraji ne ke koro shi daga gida, kasuwa kuma tana jiransa da dillali da ɗan baranda da sikelin da ba shi ya iya karantawa ba. Abin da ya tsira daga hannun mai awo, shi ne zai miƙa wa dagaci. Yaro ɗan shekara 18 ya hango wannan zagaye tun ba a fara yi masa dogon bayani da kalmomin tattalin arziki ba.

Sunan wasan farko ma shi kansa abin lura ne. Tambaya ce ta izgili, irin wadda ɗan birni zai jefa wa wanda ya zo yana kukan an zalunce shi. Tana nufin cuta ta zama ƙa'ida, har wanda ya yi mamakinta shi ne abin dariya. Mai kallo zai fara da yi wa baƙauye dariya, kamar yadda ya saba a labaran baƙauye da ɗan birni, kafin ya farga cewa dariyar ta juyo kansa.

Sai dai rubuta wasa daban, samun inda za a nuna shi daban. A Arewar wancan lokaci babu gidajen wasan kwaikwayo, babu bukukuwan da ƙungiyoyi za su kai wasanninsu a gwada su, gidan rediyon da zai watsa irin wannan bai zo ba tukuna. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, amma jarida ce da ke ƙarƙashin idon hukuma, haka ma maɗaba'ar da ke buga littattafan Hausa. Dandali ɗaya da ya rage wa matashi shi ne makaranta, can ma a ƙarƙashin shugaban makaranta Bature. Wannan ƙunci shi ya yanka wa wasannin siffarsu. Dole su zama gajeru, domin a koye su cikin 'yan kwanaki tsakanin darussa. Dole su wadatu da kayan da ke kusa: rawani, babbar riga, sanda, mudu. Dole kuma su ba da dariya, domin dariya ita ce takardar izininsu. Abin da in aka faɗa a kan mumbari za a kira shi tawaye, in aka sa shi a bakin ɗan wasa sai a ce ai wasan yara ne. Mai mulkin da ya fusata da barkwanci ya tona wa kansa asiri, wanda ya yi shiru kuma ya bari saƙo ya wuce.

Amma wannan kariya tana da farashinta. Wasan da aka yi a zauren makaranta yana ƙarewa ne da tashin 'yan kallo. Six Hausa Plays da Wasan Marafa sun shiga maɗaba'a, sun shiga aji, an yi ta karanta su shekara da shekaru. Wasannin Aminu sun tsaya a rubutun hannu da ƙwaƙwalwar waɗanda suka gani. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalilin da ya sa hukumar da ke mulki ta hannun sarakuna ba za ta kashe kuɗinta ta buga wasan da ke yi wa ma'aikatan sarakuna ba'a ba.

A farkon shekarun 1940 abin ya taɓa gidansu kai tsaye, lokacin da aka tsallake mahaifinsa a naɗin babban alƙalin Kano. Aminu ya rubuta wata ƙasida da Turanci wadda ya siffanta Kano da garin da ke ƙarƙashin gudumar En'e. A nan babu rawanin aro, babu dariya. Ya kammala kwaleji a 1942 da shaidar malanta, aka tura shi Midil ta Bauci.

Bauci ce ta haɗa shi da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa ta fuskoki mabambanta. Ɗaya shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, abokin aikinsa a makarantar, mai sanyin hali da imani da gyara a hankali. Ɗayan kuma Malam Sa'adu Zungur, malami, mawaƙi, mai kaifin harshe, wanda ya zama masa jagora a tunanin siyasa. Aminu ya ci gaba da shirya wa ɗalibansa wasanni, amma babban dandalinsa a Bauci shi ne zauren tattaunawa da aka kafa a 1943 da amincewar jami'in mulki Bature, inda 'yan boko da manyan En'e ke zama su yi muhawara, shi kuwa yana sakatare. A ɗaya daga cikin zaman ne ya nemi a bayyana ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. Tambayar ba ta da zagi ko kaɗan, amma ta mayar da sarki ma'aikaci mai karɓar albashi kamar kowa, a gaban mutanen da ke faɗuwa su gaishe shi. Ba a daɗe ba zauren ya mutu. Shi da Sa'adu Zungur suka ci gaba da wata ƙungiyar ta ci gaban Bauci, wadda ba ta jiran izinin kowa.

A 1946 ya sami gurbin karatu na shekara ɗaya a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. A can ya yi cuɗanya da 'yan gurguzun jam'iyyar Leba da 'yan gwagwarmayar ƙasashen da ake mallaka, ya kuma ƙara shaƙuwa da tafarkin Gandhi na bijirewa ba tare da makami ba. A can ne kuma ya ƙulla tunanin haɗa malaman makarantun Arewa a ƙungiya ɗaya, wadda ta kafu bayan dawowarsa. Hukuma ta ga zamansa a Bauci ya zame mata ƙaya, sai ta ɗauke shi zuwa makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato. Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano. Kafin shekarar ta ƙare Aminu ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi siyasa, a 1953 kuma ya zama shugaban jam'iyyar.

Daga nan siyasa ta cinye marubucin, amma ba ta cinye ɗan wasan ba. Abin da ya fahimta tun yana kwaleji shi ne, ikon sarauta ba a kan dogari da gidan yari kaɗai ya dogara ba. Ya dogara ne har da abin da ido ke gani kullum: rawani da alkyabba, algaita da kirari, cire takalmi tun daga nesa, faɗuwa ƙasa a yi gaisuwa. Wannan ma shiri ne da kowa ya haddace inda zai tsaya a cikinsa, kuma yana tafiya daidai ne muddin talaka ya yarda ya tsaya inda aka ajiye shi. Shi ya sa NEPU ta mayar da hankali kan abubuwan da wani zai ɗauka ƙanana ne. Ta koya wa magoya bayanta su ƙi aikin tilas, su ƙi faɗuwa gaban hakimi, su tambayi dalilin kuɗin da aka aza musu. Shi kansa Malam, ɗan babban gida mai ilimin addini da na boko, ya zaɓi farar tufa marar ado, a lokacin da girma ke tafiya da yawan aiki a wuyan riga. Laccocinsa cike suke da karin magana da ba'a da misalan kasuwa da gona, ga ayoyi da tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da yake kafa hujja da su cewa masu sarautar zamaninsa sun kauce daga abin da aka yi jihadi dominsa.

Bambancin shi ne, a wannan dandali ba a cewa wasan yara ne. Taron lacca sai da izinin En'e, kotunan alƙalai kuma na En'e ne. An ɗaure 'yan NEPU da dama bisa laifin zagin sarki ko yin taro ba izini, an yi wa wasu bulala, an kori wasu daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan jam'iyyar, ta shiga kurkuku sau da yawa. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa ya tace 'yan takararta kafin a kai majalisa. A 1954 Maitama Sule ya kayar da Malam. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai, ya rasa ta a 1964. Bayan juyin mulki ya yi wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon kwamishinan tarayya daga 1967 zuwa 1974, da farko a sadarwa, daga baya a lafiya. Wasu daga cikin tsofaffin abokan gwagwarmaya ba su ji daɗin ganinsa a teburi ɗaya da soja ba, kuma suna da hujjarsu.

Zancen haraji bai rabu da shi ba. A 1978 ya kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, kuma abin dariyar da ko shi da kansa da wuya ya tsara irinsa shi ne, a kan takardun biyan haraji hukumar zaɓe ta so ta hana shi tsayawa, sai da aka je kotu. Ya zo na huɗu da ƙuri'a sama da miliyan 1.7, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano da na Kaduna. Cikin matakan farko da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka ɗauka a 1979 akwai soke haraji da jangali. A lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ba ta jiharta, saboda haka manomin Runka da makiyayin dajin Rugu suna cikin waɗanda aka sauke wa wannan kaya. Shekara 40 ke nan tsakanin wasan da ɗalibi ya shirya a makaranta da sanarwar da gwamnoni suka yi. A yau mutanen wannan yanki sun san wani harajin, wanda 'yan bindiga ke aza wa ƙauyuka kafin su bar su su yi noma ko girbi, ba rasit, ba Baitulmali.

Nasarar 1979 ba ta daɗe da daɗinta ba. Jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, gwamnonin biyu suna ɓangare guda, Malam yana ɗaya ɓangaren. Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981. Shekarun ƙarshe na Malam sun tafi ne a rigima da mutanen da shi ya rene su, har mawaƙa da 'yan ba'a na kowane ɓangare suka juya makamin dariya a kan juna.

Dandalin da ya rasa yana matashi kuwa ya samu ga na bayansa. Rediyo ya ɗauki wasannin Shu'aibu Maƙarfi, waɗanda suka zama littattafan Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Talabijin ta kawo Samanja da Karkuzu. Daga ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka riƙa fita ƙauyuka, har da Maska ta ƙasar Katsina, suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Yanzu kuma kowane matashi mai waya yana da dandalinsa a aljihu. Abin da bai canza ba shi ne fushin mai iko idan aka kwaikwaye shi. An ɗaure Rabilu Musa Ibro a Kano a 2008 a zamanin da hukumar tace finafinai ke tsananta wa 'yan fim. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu da tara da sharar harabar kotu, saboda wani bidiyon barkwanci da suka yi a TikTok kan gwamnan jihar na lokacin. A jihar da filin jirgin samanta da babban asibitin koyarwarta ke ɗauke da sunan Aminu Kano aka yi haka.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, ana shirin zaɓen da ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Ya bar littattafai da aka buga, cikinsu akwai Motsi Ya Fi Zama, da Hikayoyin Kaifafa Zukata, da tarihin rayuwar Sa'adu Zungur. Shaihu Umar na abokin aikinsa na Bauci, Tafawa Ɓalewa, an mayar da shi wasan dandali, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Wasannin Aminu kuwa, ɗaliban Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi suna haddace sunayensu ne domin jarrabawa, a babin tarihin wasan kwaikwayo, tsakanin Six Hausa Plays da Wasan Marafa.